Kifin Robar Mutumin Fatakwal

Tun da Shafi'u ya buɗe ido a duniya bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifinsa ba. Shi ne ɗan fari, Malam Idrisu kuwa Basarke ne ɗan Yawuri, cikin masuntan nan na da da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Shekarun da ya kwashe a Anaca, cikin mutanen da uba ke rungume ɗansa a tsakiyar kasuwa, ba su rage masa komai ba. In zai ambace shi sai ya ce "wancan". Da Shafi'u ya samu aiki a Fatakwal sai aka yi masa ƙarin girma, ya koma "mutumin Fatakwal". Uwar ma, Zinariya, Allah ya jiƙanta, ta fi uban tsanani. Saboda haka tun ƙanwarsa Munira tana 'yar mitsitsiya ita ce mai kai saƙo. Ga uba, ga ɗa, tabarma ɗaya, amma sai dai a ce "ki gaya masa", a amsa da "ki ce masa to". Wanda bai sani ba sai ya ɗauka gaba suke yi. Ba gaba ba ce, Shafi'u ya san da haka, amma sanin bai taɓa hana abin yi masa ciwo ba.

Munirar ce ta kira shi wata safiya daga Inugu, inda take auren Abdurrahim a unguwar Asata. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Yaya, Baba ya faɗi a bakin ruwa. Matan da ke sarin kifi ne suka ɗaga shi. An auna an ce suga ne, kuma ya daɗe a jikinsa. Na gyara masa ɗaki, Abdurrahim ma ya yarda. Ɗauko shi zan yi."

"Shi ya ce zai je?"

"Ka taɓa jin ya ce zai je wani wuri? Yaushe rabon Baba da ya kawo kifin da za a kira shi kifi? Jiragen yashi sun dama kogin kamar kunu. Ya wuni a rana ya dawo da 'yan kawara da ba su rufe gindin kwano ba. Gadin me yake yi a can? Kabarin Inna ba guduwa zai yi ba."

Gaskiya take faɗa, kuma abin da ya fi ba shi haushi ke nan, don Munira ba ta cika yin kuskure ba, ta kuma san ba ta cika yi ba. Sai dai ita ba ta taɓa zama cikin kwale-kwalen ba. Shi ya zauna. Da aka dawo da shi daga wurin kakarsa a Yawuri yana saurayi, shekaru ya yi a bayan tsohon a kan Kwara, ba mai cewa uffan, duk abin da ya sani na ruwa da ido ya koye shi. Ya ga yadda mutumin da ke tafiya a ƙasa kamar ƙafafun aro ne gare shi yake miƙewa da zarar ya taka jirgi. Ya ga yadda yake naɗa zaren fatsa a babban yatsan ƙafarsa, tun da hannu biyu suna kan filafili, ya riƙa tuƙi yana sauraren ƙarƙashin ruwa da yatsan nan. Har wani zobe zaren ya yi masa a wurin, fata ta yi kanta. Inugu kuwa garin tudu ne da jar ƙasa, rafin da suke taƙama da shi akuya ma tsallake shi take yi. In aka kai Malam Idrisu can, an kai shi ne ya zauna a benci ya jira mutuwa. Wannan Shafi'u ba ya shakka a kai.

"Ki ba ni zuwa ƙarshen mako," ya ce. "In na nuna miki har yanzu kogin nan zai ciyar da shi, ba sai ya wuni yana tuƙi a rana ba, za ki bar shi?"

"In ka nuna min. Amma ranar Lahadi ina tafe da mota, ka sani."

Aikin Shafi'u a Fatakwal shi ne bin jirgin masu hali zuwa bakin teku ta wajen Boni, mutanen da ke kamun kifi don nishaɗi, su ɗauki hoto da shi, wani lokaci ma su mayar da shi ruwa, abin da har yau ya ƙi shiga kansa. Shi ke ɗaura ƙugiya, shi ke wanke jini. Su ba sa jefa fatsa su zauna jira. Jirgi ne ke tafiya a hankali, zare yana biye a baya yana jan abin da aka ɗaura masa, har babban kifi ya gani ya biyo. Wani Bature da zai koma gida ya bar masa kifin roba guda biyu, ya ce a ƙasarsu da su suke jan wani kifi mai jan nama da suke kira salmon. Abin bai fi tsawon tafin hannu ba. An yi shi kamar ƙaramin kifin da aka fille wa kai a karkace, gefe ɗaya fari mai walƙiya, gefe ɗaya kore. Yana buɗewa biyu kamar kwasfar gyaɗa, a cusa masa kifin gwangwani a ciki, a rufe, a zagaye shi da 'yar roba. In aka ja shi cikin ruwa, yankan nan na karkace ke sa shi juyawa tamkar kifin da ya ji rauni, man gwangwanin kuma yana tsiyaya a bayansa. Shafi'u ya gwada shi a teku ya ga aiki, kuma ya daɗe yana raya wa ransa cewa giwan ruwa, wanda ba abin da yake so irin ƙaramin kifi mai rauni, ba zai gan shi ya wuce ba.

Da yamma ya isa Anaca. Ya ratsa kasuwar Ose Okwodu cikin warin albasa da yajin da ke sa baƙo atishawa, ya gaisa da Hausawan rumfa da suka san shi, kowa yana yi masa jajen tsoho da 'yar murya ƙasa-ƙasa kamar an riga an yi rasuwa. Ɗakin yana bayan kasuwa, ta inda ƙasa ke gangarawa zuwa ruwa. Ya tarar da mahaifinsa a tabarma yana warware mamari, dogon zaren nan mai ƙugiyoyi barkatai. Ya rame. Wuyan rigar ya yi masa yawa. Shafi'u ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Sannu da hutawa, Baba. Ya jiki?"

"Da sauƙi. An zo lafiya? Ya mutanen can?" Tsohon bango yake kallo.

"Suna lafiya, suna gaisuwa."

Iyakar abin da ke wucewa kai tsaye ke nan, gaisuwa, ita ma babu "kai" a cikinta sai "an". Shafi'u ya ciro kifin roba ya ajiye a gefen tabarma. Ya rasa yadda zai yi, don ba mai kai saƙo. Sai ya ciro waya ya kira Munira, ya buɗe murya, ya ajiye wayar a tsakaninsu. Ya shiga yi mata bayani dalla-dalla, yadda ake buɗe abin, abin da ake zuba masa, yadda jirgi ke jansa.

"Yaya, ni ina ruwana da kifin roba? Miya nake yi."

"Ki dai saurara."

Malam Idrisu ya miƙa hannu ya ɗauki abin, ya juya shi, ya shinshina, ya ɗan gwada shi da haƙori. Sannan ya sunkuya wajen wayar.

"Munira, ki tambayi mutumin Fatakwal, kifin Turawa mahaukata ne da za su ci roba?"

"Ki ce masa ba robar suke ci ba, rawar suke bi da ƙamshin."

"Ki ce masa giwan ruwa ba ɗan rawa ba ne."

"To ni kun ga albasata tana ƙonewa," in ji Munira, ta kashe.

Amma tsohon bai ajiye abin ba. Har aka kira magariba yana hannunsa, yana buɗewa yana rufewa.

Washegari suka sauka bakin ruwa da sassafe. Shafi'u ya riga ya shirya da Obiora, mai jirgin inji da ke ɗauko doya daga Anam, wanda ya san tsohon tun yana saurayi. Malam Idrisu bai yarda ya taka jirgin wani ba sai da ya tsaya ya kwashe wa nasa kwale-kwalen ruwan da ya kwana a ciki, ya ƙara ƙulla igiyarsa. Yana shiga kuwa baki ya buɗe. Obiora injinka tari yake yi, ka ba shi magani. Obiora ka yi ƙiba, matarka ta fi ka kirki. Hausa, Ibo, Turancin kasuwa, duk ya haɗa yana zuba masa, Obiora yana dariya yana rama wa. Kafin su bar gaɓa an kira sunan Obiora ya fi a ƙirga. Shafi'u yana zaune a goshin jirgi yana ji, ya kuma ji kishi, kishin da ya saba da shi tun yana yaro.

Ya fasa gwangwanin kifi da wuƙa, ya murmushe naman da yatsa, ya cika cikin robar ya rufe. Ya zura zare, ya daidaita ƙugiya a wutsiya. Da jirgi ya fara tafiya sai ya saki abin a gefe, kusa, inda ido zai gani. Nan take ya fara juyawa, fari, kore, fari, kore, wani siririn mai yana bin sa. Malam Idrisu ya leƙa. Ya daɗe yana kallo ba ya ko ƙiftawa. Can ya ɗago ya dubi mai jirgi.

"Obiora, wanda ya ƙera wannan ya san kifi."

Shafi'u ya sunkuyar da kai don kada a ga fuskarsa. Bai tuna ranar da ya ji daɗi irin na wannan lokacin ba.

Saura zare. Wanda ya zo da shi zaren teku ne, siriri kamar na ɗinki, amma saƙaƙƙe ne, ba ya miƙewa, ba ya tsinkewa. Ba irin na tsohon ba ne, wanda in kifi ya ja sai ya ba da kai, in kifin ya fi ƙarfinsa ya tsinke kowa ya kama gabansa. Kuma kwale-kwale ba shi da nauyi, babban kifi jansa yake yi. Jirgin Obiora kuwa katako ne mai kauri, ga inji yana tura shi gaba. Shafi'u ya ɗaure zaren a bencin tsakiya, kusa da inda mahaifinsa ke zaune, ya haɗa shi da wata robar tayar okada don ta shanye fizgar farko. Ya saki zare mai yawa a baya. Sannan ya ɗaga murya ta saman kan tsohon.

"Obiora, dis rope no be like our own. Person no dey tie am for body. E go cut reach bone."

Obiora, wanda ba shi da niyyar ɗaura komai a ko'ina, ya dube shi da mamaki. Sai ya dubi tsohon, ya gane. "I don hear," ya ce. Malam Idrisu yana kallon gaɓar Asaba kamar yau ya fara ganinta. Ya ji an ce zaren ba na ɗaurawa a jiki ba ne, yankansa har ƙashi. Turancin kasuwa ba ya ɓace masa.

Suka haura kogi a hankali. Suka wuce jiragen yashi da ke ruri suna amayar da laka, ruwan wajen ya yi launin shayi mai madara. Suka nufi sama wajen mahaɗar Kwara da kogin Anambara, inda ruwa ya ɗan washe, akwai zurfi da duwatsu a ƙasa. Suka je, suka juyo, suka sake komawa. Shafi'u ya jawo robar ya cire mata ciyawa, ya sake cika ta, ya sake saki. Rana ta ɗaga. Barkwancin ya ƙare, har Obiora ya koma hamma yana duban tankin mai. Shafi'u ya fara lissafin abin da zai ce wa Munira, ya ga ba shi da shi.

Tsohon ne ya kasa zama. Ya taɓa zaren da yatsa, ya janye. Ya harari robar tayar da ke tsakaninsa da ruwa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana jin numfashin kogi a jikinsa an ba shi benci ya ji masa. Can sai ya sunkuya, a natse, kamar mai gyaran takalmi. Ya kwance ƙullin. Ya zare silifas ɗinsa na dama. Ya naɗa zaren a babban yatsa, daidai cikin tsohon zoben nan, ya ƙulle, ya miƙe ƙafar a kan katako, ya jingina baya ya lumshe ido.

Shafi'u ya gani. Daga farko har ƙarshe ya gani. Ya buɗe baki zai yi magana. Me zai ce, kuma wa zai ce wa? Ya riga ya faɗa wa Obiora sau ɗaya. In ya sake faɗa yanzu, da zaren a ƙafar tsohon, ba saƙo ba ne kuma, tsawa ce, ɗa yana koya wa Malam Idrisu sana'ar su a gaban baƙo, a kan kogin da ya san kowane dutse na cikinsa. Ya taɓa aljihu inda waya take, ya ga wautar abin. Kuma akwai fuskar. Tun da ya iso jiya bai ga fuskar nan haka ba. Duk ramar ta ɓace, goshin ya saki, har leɓen yana ɗan motsi da wata waƙar Sarkawa da ba ta fitowa. Juyawar robar can ƙarƙashin ruwa tana isowa yatsansa, yana jin ta. Shafi'u ya ce a ransa, bari mu kai waccan lanƙwasar, in ce wa Obiora ya tsaya a sake cika roba. In na jawo zare dole ya kwance, in na mayar sai in ɗaure a benci, ba wanda ya ji kunya. Dabara ce mai kyau, kuma lanƙwasar ba ta da nisa.

Ba su kai ba. Zaren ya fito daga ruwa a miƙe, yana feshi, yana wani siririn kuka. Ƙafar tsohon ta fizge ta bugi gefen jirgi, jikinsa ya zame daga benci, ya rungume katakon da hannu biyu. Jirgi yana gaba, abin da ke ƙasa yana baya, yatsa ɗaya a tsakaninsu. Obiora ya kashe inji, amma jirgi mai nauyi ba ya tsayawa don an kashe masa inji. Can baya ruwa ya tsage, kifin ya fito har rabin jikinsa, fari tas, ya kai girman mutum, baki a wangale yana girgiza kai, koren robar yana walƙiya a gefen muƙamuƙinsa. Giwan ruwa ne, irin wanda aka ce ya ƙare a wannan yanki. Ya faɗa ruwa, zaren ya sake ɗaukar nauyi, jini ya fara bin katako.

Shafi'u bai san lokacin da ya tsallake benci ba, wuƙar gwangwani tana hannunsa. Ya kama idon sawun mahaifinsa. Zaren ya shige cikin nama har ba a ganinsa.

"Shafi'u."

Ba ihu ya yi ba. Da muryarsa ta kullum ya faɗa, yana kallonsa ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Shafi'u, kar ka yanke."

Hannun Shafi'u ya tsaya. Ashe haka sunan yake a bakinsa, da ɗan jan nan na mutanen Yawuri a ƙarshe. Kifin ya sake fizga, ya ji wani abu ya ba da ƙara a cikin yatsan. Ya sa wuƙa ya yanke.

Zaren ya sulale cikin ruwa ya ɓace. Kogi ya koma yadda yake. Malam Idrisu bai dubi ƙafarsa ba, wurin da kifin ya fito yake kallo. Shafi'u ya tuɓe rigarsa ya ɗaure yatsan, Obiora ya tayar da inji ya juya da gudu, yana magana shi kaɗai da Ibo. Haka suka iso Ose.

Munira ba ta jira Lahadi ba, a ranar ta iso. Ta same su a wani ƙaramin asibiti an ɗinke abin da za a iya ɗinkewa. Ta ji labari daga bakin Obiora a tsaye. Ta dubi yayanta tsawon lokaci.

"Ka nuna min," ta ce. Ba ta ƙara ba, da ma ta ƙara da ya fi masa sauƙi.

Mai suga ba ya wasa da ciwon ƙafa. A Inugu aka fara cire yatsan. Ciwon ya ƙi tsayawa, ya yi baƙi, ya haura. Kafin damina ta kankama an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Kwale-kwalen ya zauna a bakin Ose ruwan sama yana cika shi, har Munira ta ce wa Obiora ya nemi mai so. Shafi'u yana Fatakwal yana ɗaura wa masu hali ƙugiya. In ya kwanta sai ya ji sunan nan, sai ya ji daɗi, sai kuma ya ji kunyar daɗin ta rufe shi, don ya san da me aka saye shi. Ya daɗe yana aika saƙo yana cewa aiki ya yi yawa, kafin ya iya zuwa.

Ya sami mahaifinsa a inda ya san za a same shi, a benci, a barandar gidan Abdurrahim a Asata. Sanduna biyu a jingine da bango, ƙafar wando ɗaya a naɗe an kama ta da fil. Gabansa titi ne, da masu keke, da wata mai gasa masara. Yaran gidan suna wasa suna zuba Ibon Inugu, tsohon ba ya jin rabin abin da ke ba su dariya. A cinyarsa akwai ɗayan kifin robar, wanda aka bari a tabarma a Anaca. Yawan buɗewa da rufewa har ya sa fentin ya fara gogewa.

"Sannu da hutawa, Baba. Ya jiki?"

"Da sauƙi. An zo lafiya? Ya mutanen can?"

Titi yake kallo. Munira ta kawo ruwa ta ajiye, za ta koma ciki, tsohon ya ce ta zauna. Ta zauna a dokin ƙofa, tsakaninsu, inda ta saba.

Shafi'u ya zo da magana a bakinsa tun daga tasha, ya sha alwashin wannan karon kai tsaye zai faɗe ta. Ya gyara durƙuso.

"Baba, ranar nan, lokacin da aka kwance zaren daga benci..."

"Munira," in ji tsohon, "ki gaya masa na san ya gani. Ni ma na ga ya gani. Ki ce masa ko ya yi magana ba kwancewa zan yi ba."

Munira ta dubi yayanta, ba ta maimaita ba. Shafi'u ya rasa ko gaskiya aka faɗa masa ko sadaka aka ba shi, ya kuma san ba zai taɓa sani ba.

Tsohon ya buɗe robar ya rufe. "Abin da ke hana ni sukuni ba ƙafa ba ce. Ki tambaye shi, ƙugiyar nan tasu tana tsatsa?"

"Ki ce masa ba ta yi. Ta teku ce."

"To tana bakinsa har yanzu ke nan. Da roba, da zare yana jansa a baya." Ya juya robar a hannunsa. "Babban kifi irin wannan, ya tsira daga taru, ya tsira daga masu yashi. Yanzu yana can ƙarƙashin dutse, yana ganin abinci yana wucewa ba ya iya kamawa. Da an bar ni da shi da na gama masa a ranar."

Mai masara ta juya masararta. Aka kira la'asar a wani masallaci can wajen Ogbete, Munira ta kawo buta da robar tara ruwa, Shafi'u ya riƙe masa butar, yana zuba ruwa yana kallon yadda alwalar ke ƙarewa a ƙafa ɗaya.

Kwana ya yi, da safe ya ɗauki jaka. Ya durƙusa a gaban bencin ya yi sallama, ya ce zai koma. Bai tashi nan da nan ba. Ya ɗan jinkirta, yana gyara igiyar jaka da ba ta bukatar gyara. Sau biyu aka taɓa faɗar sunansa, ya san bakin ya iya. Munira ba ta wurin, tana can ciki wajen yara, ba kowa a barandar sai su biyu.

Malam Idrisu ya juya kai wajen ƙofa, ya ɗaga murya.

"Munira. Ki ce wa mutumin Fatakwal ya sauka lafiya."